Wayar Inna Tana Cikin Durowa

Juma'a

Injiniya,

"Anti, ki bar min wayar Inna. Kafin wata ya mutu zan kwashe hotunan duka in zuba miki wuri guda, in raba wayar da asusunta na intanet, in kawo miki ita da hannuna." Maganarka ce wannan, ranar da muka taru bayan rasuwa, kana tsaye a ƙofar kicin kana laluben takalminka. Wata huɗu sun mutu tun daga ranar. Ban ga waya ba, ban ga hannunka ba.

To, ga gaisuwa, tun da wasiƙa ba ta tafiya babu ita. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da tagwaye. Ni lafiya lau nake in ban da gwiwa, wadda tsanin laburare ya gama cin rabonsa. Na kira ka sau goma sha ɗaya ba ka ɗauka ba, shi ya sa na ba direban motar safe wannan takarda. Kuma na fara ganin darajar takarda: ba wanda zai zauna a wani gari ya goge ta daga hannuna. Kai ma da takarda za ka amsa.

Kakarka da Inna 'ya'yan wa da ƙani ne, ba a gidanmu ka tashi ba, don haka bari in gaya maka abin da ka ɗauka ka tafi da shi. Inna ta yi shekara saba'in da uku ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko na katin shaida sai da aka kai ruwa rana. A shekararta ta ƙarshe ne, da ciwo ya zaunar da ita, ta miƙo min wayarta ta ce, "Ɗauki. Amma aro na ba ki, ba kyauta ba." Na yi dariya, na ɗauka. Hoto arba'in da ɗaya na samu kafin ta tafi. Su ke nan a duniya. Suna cikin rumbun nan naku na intanet, ina ganinsu a tabilet ɗina.

Ita ma ta koyi ɗauka. Kowace safiya sai ta ɗauki hoton kofin shayinta a kan taga, wai don ta ga ko hannunta yana rawa yau.

Alhamis ɗin makon jiya ina karyawa na buɗe tabilet, sai ga sabon hoto a sama. Kofi a kan taga. Ba tagarmu ba ce, wannan tana da ƙarafa da koren labule. Amma kofin yana gefen hagu, hoton ya ɗan karkace, daidai yadda hannun Inna yake karkatar da shi. Na duba lokacin ɗauka: safiyar ranar, bakwai da minti goma. Na ajiye cokali na ƙirga hotunanta. Arba'in. Wanda ya ɓace shi ne guda ɗayan da take dariya a ciki, ranar da tsuntsu ya shigo ɗaki ya sauka a kan rediyonta.

Washegari wani kofin ya zo, wata fuskar ta tafi. Yau kwana tara ke nan, kofi tara, saura fuska talatin da biyu.

Ni ba yarinya ba ce, kuma ba jiya na fara karatu ba. Na karanta cewa abin da aka goge yana zama a kwandon shara kwana talatin kafin ya tafi har abada. Na je zan buɗe kwandon, tabilet ya ce in sa lambar sirri, wadda kai ka canza a ranar "don tsaro". Na ce na manta, ya ce ya tura wata lamba zuwa wayar Inna. Wayar Inna kuwa tana wurinka.

Ko ba ta wurinka?

Antinka

*

Laraba

Anti,

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi, ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi. Mai ɗakina tana gaishe ki, tagwaye sun fara haƙori, gidan ba barci. Wallahi ba ƙin ɗaukar kiranki na yi ba. Idan hannuna yana cikin waya ba na taɓa wata, kin san aikin namu, numfashi ma a hankali ake yi.

Anti, ki kwantar da hankalinki. Wayar Inna tana nan cikin durowata, a kashe. Waya a kashe ba ta ɗaukar hoto, ko a fim. Abin da nake zato shi ne rumbun ne ya rikice. Yakan faru: waya ta ce abu kaza, tabilet ya ce abu kaza, kwamfuta ta ce wani daban, kamar mata uku a kan labari ɗaya. Wataƙila tsofaffin kofunan Inna ne suke fitowa da sabon kwanan wata. Labule kuwa, haske yakan canza launi a hoto.

Lambar sirrin na rubuta ta a wata takarda, ina nemanta.

Kuma ba abin da ya ɓace. Kin manta tsohuwar kwamfutar nan ta gida? Ita ma a kan asusun take. Ki duba ta, za ki ga duk arba'in da ɗayan suna ciki, har da na dariyar. Ki gani da idonki ki samu barci. Sauran ki bar min, wannan makon zan gama.

Ɗanki,
Injiniya

*

Asabar

Injiniya,

Ina gaishe ka don tarbiyyar da Inna ta yi min, ba don ka ci gaisuwa ba. Ka shafa min kan tagwaye, su ba su yi min komai ba.

Na bi maganarka. Jiya bayan na dawo daga aiki na ciro kwamfutar daga ƙasan barguna, inda take tun makon rasuwa. Na jona ta, na jira ta farka kamar mai tashi daga jinya. Gaskiyarka, suna nan. Arba'in da ɗaya. Na buɗe na dariyar ya cika sikirin: bakinta a buɗe, wushiryarta a waje, hannu ɗaya ya tashi zai kare fuska bai kai ba. Na zauna ina kallo har shayina ya huce.

Sai na ce bari in tura shi wayata, in kai a wanke min. Na kunna data, na haɗa kwamfutar.

Wani ɗan zobe ya fara juyawa a kusurwa. Na dariyar ne ya fara tafiya. Bai yi ƙara ba, bai tambaye ni ko na yarda ba. Sauran suka matso suka cike gurbinsa, kamar mutane a kan benci idan wani ya tashi. Sai na biyu. Sai na uku. Ka san abin da na yi, ni da na shekara ashirin da shida ina koya wa mutane yadda ake adana takardu? Na ɗora babban yatsana a kan fuskarta na danne, wai in riƙe ta. Ta fita ta ƙarƙashin yatsana. Kafin hankalina ya dawo in fizge wayar, goma sha shida sun tafi, kofi goma sha shida sun jeru a sama.

Na san nawa laifin, ba sai ka gaya min ba. Da na sa filash na kwafe kafin in haɗa, da yanzu ba na rubuta wannan. Amma ni ma'aikaciyar laburare ce, kai ne mai allo a ƙofar shago da aka rubuta "ƙwararre". Ka ce in duba. Layi ɗaya ya rage ka ƙara, ba ka ƙara ba. Garin neman gira na rasa ido, kuma kai ka miƙo min tsinken.

Da safen nan na kai tabilet wurin mai wanke hoto don in tsira da ragowar. Ya wanke biyu ya miƙo min yana sunkuyar da kai. Fuskar Inna ta fito kamar ta bayan gilashin da ruwa ya jiƙa, ido da hanci sun narke cikin juna. Ya ce, "Malama, abin da ke cikin tabilet ɗin nan ba hoton ba ne, inuwarsa ce. Ainihin yana can rumbun, kuma rumbun yana neman lambar sirri." Na karɓa na juya su a cikin jaka, ban iya sake kallo ba.

Yanzu ka saurara, mai cewa haske yana canza launi. Haske ba ya dasa ƙarafa a taga. Haske ba ya gina bene mai hawa uku a tsallaken titi inda mu muke da bishiya. Kuma a kofin yau akwai hannu. Yatsun tsohuwa ne, sun riƙe mariƙin kofin, da siririn zobe a na tsakiya. Na tashi na buɗe akwatin Inna. Zobenta yana nan. Na rufe, na koma na zauna, na sake tashi na buɗe. Yana nan.

Ka tashi daga inda kake, ka ja durowar nan da hannunka, ka duba da idonka, sannan ka rubuto min. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma na ji ƙafarka ta kusa taɓa ƙasansa.

Antinka

*

Juma'a, da sauri

Anti,

Ina kwana, ina fata kina lafiya. Yanzu ina cikin aiki abu ya faɗo min. A wasiƙar shekaranjiya na ce ki duba kwamfutar. Ki duba kawai nake nufi. Don Allah, don Annabi, kada ki haɗa ta da intanet. Da zarar ta ga rumbun za ta bi abin da ya ce, ta zubar da duk abin da aka goge. Ki kwafe a filash tukuna. Na kira wayarki ba ta shiga. Na bi direba a guje, ya ce sai Lahadi zai juyo wajenku. Allah ya sa ta riske ki a kan lokaci.

Ɗanki

*

Alhamis

Anti,

Na rasa bakin da zan gaishe ki da shi. Wasiƙarki ta Asabar ta same ni Litinin, na gane tawa ta zama ihu bayan hari. Mai ɗakina ta karanta taki, tun ranar ba ta zuba min abinci da hannunta ba.

Na ja durowar. Ba ta ciki.

Ga gaskiyar, ba ragi. A sana'armu kowane shago yana da wayoyin aro. Idan gyaran mutum zai ɗauki kwanaki, sai a ba shi ɗaya ya riƙe kafin tasa ta tashi. A durowa ɗaya nake ajiye su. Wayar Inna ta zo min da fasasshen sikirin, na sa mata wani na wucin gadi don in samu in kwashe hotunan, na cire rigarta mai fure, sai aiki ya taso na jefa ta nan. Ba riga, ta zama kamar sauran. Da hannuna na miƙa wa wata tsohuwa, ban sani ba. Da na rubuto miki cewa tana cikin durowa, ban duba ba. Na ɗauka ne kawai.

Na bi littafin shago na samo gidanta jiya. Tsohuwar tela ce, ita kaɗai take zaune a hawa na biyu. Ina shiga na ga koren labulen da ƙarafan, ga kofin a kan taga. Na tsaya ina kallonsu duk da na san dalili.

Dalilin kuwa shi ne asusun Inna ya cika maƙil. Sabon hoto ba zai shiga ba sai an fitar da wani. Wayar takan ce a goge wani abu, mutum ya danna "to" bai karanta ba. Ɗaya ya shiga, ɗaya ya fita. Lissafin ke nan, ba aljani ba ne.

Sai dai Baba tela ta rantse ba ta taɓa danna komai ba. Na ce to hoton kofi fa? Ta ce, "Ɗan nan, ni da ban iya ɗaukar hoton jikokina ba zan ɗauki kofi? Da safe nakan ɗaga ta in duba lokaci, sai in ji ƙyas, ta ɗauka da kanta." Da zan fita ta riƙe hannun rigata ta ce, "Wace ce matar nan ta ciki? Kallona take yi kamar na zauna mata a kujera. Ɗauke abarka, na huta."

Wannan ma yana da bayani. Sikirin ɗin da na sa ba mai kyau ba ne, irinsa yakan taɓa kansa, musamman da sanyin safe. Shi ya sa ba zan buɗe kwandon shara da shi ba, kada ya danna "zubar da duka" mu yi asarar gaba ɗaya. Na kashe wayar tun a matakalar gidan, na kawo ta na kulle a durowa, makullin yana wuyana. Daga jiya ba abin da zai sake ɓacewa. Na aika a kawo sikirin na asali, sun ce mako mai zuwa in sha Allah. Yana zuwa zan dawo da su duka.

Ki yafe min, Anti.

Ɗanki,
Injiniya

*

Lahadi

Injiniya,

Na samu wasiƙunka biyu, ta gudun da ta kukan. Ina gaida mai ɗakinka gaisuwa ta musamman, ka ce mata na ga akwai mai hankali a gidan. Gwiwa tana nan yadda take. Maganar yafiya kuma ka ajiye ta tukuna, ba a shanya kaya ana tsakar ruwa.

Na karanta bayaninka sau uku, kamar yadda nake karanta duk littafin da ban yarda da marubucinsa ba. Yana da kai, yana da ƙafa. Asusu ya cika, ɗaya ya shiga ɗaya ya fita, sikirin yana taɓa kansa. Har na ji tausayin Baba tela, baiwar Allah da ta kawo gyara aka haɗa ta da baƙuwa. Na so in yarda da kai. Ka san yadda na so?

Ka ce ranar Laraba ka kashe wayar a matakala, ka kulle ta, makulli yana wuyanka.

Ranar Alhamis, bakwai da minti goma, sabon hoto ya shigo. Ba kofi, ba taga. Baƙi ne ƙirin, sai wani siririn layin haske a can sama, kamar ƙasan ƙofa. Na ƙirga Inna. Ɗaya ta ragu.

Juma'a haka. Asabar haka, sai dai layin ya ɗan faɗaɗa. Na yau na kai shi bakin taga na ƙara hasken tabilet har ƙarshe. A cikin layin ana ganin gefen wani abu rawaya, da tabon ƙuna a jikinsa. Na san shi. Mariƙin sukudirebanka ne, wanda ka zaro daga aljihu a falonmu ka buɗe bayan rediyon Inna, ta ce maka ka mayar mata da kayanta yadda ka same su.

Daga cikin durowarka ake ɗaukar hotunan nan, Injiniya. Daga ciki, ana kallon waje.

Abu biyu ne. Ko dai ba ka kashe wayar ba, ka "ɗauka ne kawai" kamar wancan karon, tana kwance a cikin duhu tana taɓa kanta, kowace safiya yatsan da ba na kowa ba yana yawo kusa da "zubar da duka". Ko kuma ka kashe ta da gaske. Ina roƙon Allah ya sa kai maƙaryaci ne. Ban taɓa yi wa ɗan'uwa wannan addu'ar ba sai yau.

Ashirin da biyar sun tafi, saura goma sha shida. Amma ba su ne suke hana ni cin abinci ba. Na dariyar shi ya fara shiga kwando, shi zai fara fita. Na ƙirga a kalandar ofis, na sa abokiyar aikina ta sake ƙirgawa: kwanansa talatin suna cika ranar Asabar mai zuwa, bakwai da minti goma na safe. "Mako mai zuwa in sha Allah" ba rana ba ce. Ka riga ka ba ni irinta, wata huɗu na yi ina cinta.

Ga rana. Alhamis, ƙarfe goma sha biyu. Zan zauna a teburina na laburare da tabilet a gabana. Idan na ga Inna tana dariya kafin agogon bango ya buga, shi ke nan, ka aiko min da wayar da lambar sirrin ta hannun direba, mu koma gaisuwar zumunci.

Idan ban gani ba, Juma'a ina cikin motar safe, kuma ba ni kaɗai ba. Akwai mai gyaran waya a bakin titinmu, mace ce, ba ta da allo a ƙofa. Na nuna mata wasiƙunka, ta karanta ta ce, "Ikon Allah." Tana da sikirin ɗin a shagonta, na asali, na gan shi a kwalinsa. Za mu iso kafin la'asar. Za ka tashi daga kujerarka ta zauna, ka miƙa mata kayan aikinka ɗaya bayan ɗaya a gaban masu kawo maka gyara, ni kuma ina gefe ina karanta musu alkawarinka da ƙarfi, tun daga "Anti, ki bar min".

Amma durowar ni zan buɗe. Kada ka taɓa ta kafin nan sai in sikirin ne a hannunka. Ka ciro makullin daga wuyanka ka ba ni.

Idan na tarar da wayar a kunne, kai da ni ne, kuma za ka gane laburare ba ya kashe murya, ajiye ta yake yi.

Idan na tarar da ita a kashe, da sanyi, to ba ruwanka a ciki. Sai ku fita, kai da mai gyaran da kowa, ku ja mana ƙofa. Inna ta gaya min tun farko aro ne, ni ce na yi dariya. Zan zauna a gabanta kamar yadda na saba tun ina ƙarama idan ina son abu. Ba zan yi gardama a kan arba'in ba, nata ne, ta karɓi abinta. Guda ɗaya zan roƙa.

Antinka